Wutsiyar Jirgin Surukina

Surukina yana da wani jirgin ruwa wanda babu irinsa tun daga Goronyo har Wurno. Ba kwalekwale ba ne da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya. Na katako ne, an jera an buga da ƙusa, gajere mai faɗin ciki. A tsakiyarsa akwai doguwar sanda da ake ɗaura wa zane, iska ta tura shi. A bayansa kuma akwai wani faffaɗan katako da ke nutse cikin ruwa, da ƙota a samansa. In ka tura ƙotar hagu jirgi ya yi dama, in ka tura ta dama ya yi hagu. Mu wutsiya muke ce wa katakon nan, don aikin wutsiyar kifi yake yi.

Wani Bature mai awon ruwa ne ya zo da jirgin a mota daga Sakkwato, shekarun da ake ta zancen za a tare gulbi a yi noman rani. Surukina shi ne mai fito a mashigin garinmu, don haka aka haɗa su, shi ke nuna wa Baturen inda ruwa ke da zurfi da inda yashi ya taru. Da aka ɗauke Baturen zuwa wani wuri, jirgin ya riga ya tsufa, bai ga abin wahalar ɗaukarsa ba, ya bar wa surukina. Zanen da ya zo da shi ya ruɓe tuni, aka ɗinka wani da farin saƙi. A gindin jirgin akwai rubutun boko da shuɗin fenti. A lokacin ban iya karatu ba. Yanzu da na shiga ajin manya na iya haɗa baƙi, rubutun ya goge.

Da damina gulbin Rima yakan cika ya haye fadama, har mutumin da ke tsallake ya koma kamar tsinke. Masu kwalekwale da gwangwala suke tura nasu, suna tokarar ƙasa, kuma aiki ne na mai ƙarfi. Surukina ya wuce shekarun gwangwala tun da daɗewa. Jirgin nan ne ya bar shi a kan ruwa, don iska ke yin turin, shi nasa riƙon ƙota ne da sanin gulbi. Ba ya barin kowa ya taɓa ƙotar. Ko yara ba sa wasa kusa da ita.

Ni 'yarsa nake aure. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shan ruwa yana gani ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in tsuguna, in gaishe shi ina kallon ƙasa. In ya ce gabas tana yamma, amsata ita ce to, Baba. Ba tsoro ba ne, kuma ba rashin so ba ne. Haka muka tarar. Har furfura ta fara fito mini, yarana suka yi wayo, ban san launin idonsa ba.

Akwai abu ɗaya da yake alfahari da shi a jikin jirgin nan. Wutsiyar tana rataye ne da ƙusoshi biyu masu kauri, kowace ta shiga cikin zoben ƙarfe. Wata shekara ƙarfen ya cinye, wutsiya ta riƙa kaɗawa tana ƙara kamar ƙyauren da ya saki. Sai ya yi mata abin da muke yi wa ƙotar gatari in ta yi sako-sako: ya yanko ɗanyar fata, ya naɗe ƙusoshin, ya ɗaure tam, ya shafe da man shanu. Ƙara ta ɗauke. Duk baƙon da ya shiga jirgin sai ya nuna masa wurin, ya ce Nasara ya ƙera jirgi, amma shi ya yi masa magani. Kowace shekara in an yi layya sai ya ƙara wata fatar a kan ta bara, ya ƙara mai.

Sannu a hankali ya fara kukan hannu. Ba ni yake gaya wa ba, 'yarsa yake gaya wa in ta kai masa fura, ita kuma ta gaya mini. Ya ce hannun dama ya daina jin maganarsa, in ya tura ƙota sai ya ji kamar yana tura bango. Aka shafa man kaɗe, aka sha rubutu, wanzami ya yi ta zuwa yana kafa masa ƙaho a kafaɗa. Kowace damina abin sai ƙaruwa yake. Daminar da ta wuce kafin wadda nake ba da labari, ya ɗauko wasu mata daga kasuwa, ya kasa juya jirgin a kan lokaci, ruwa ya ja su ƙasa da mashigi ya cusa su cikin ciyawa. Babu wanda ya ji ciwo, kaji dai sun jiƙe. Amma labari ya kai Wurno, wurin babban ɗansa, wan matata, wanda ke saƙa a can.

Wan matata mutumin kirki ne. Ya zo ya durƙusa, ya roƙi mahaifinsa ya bar ruwa ya koma wurinsa, ya ce ya gyara masa ɗaki kusa da masallaci. Daga baya, a gaban liman, tsohon da bakinsa ya ce in ruwa ya cika baɗi zai gwada sau ɗaya. In ya kai jirgi mashigin tsallake ya dawo da shi daidai inda ya tashi, a bar shi da gulbinsa. In ya kasa, ya yarda a ɗauke shi.

Tun daga ranar mai ɗakina ta rage walwala. Ta ce mini ita ta san mahaifinta. In aka kai shi Wurno zai zauna a zaure yana kallon bango, ba zai yi ƙorafi ba, kuma ba zai ga wata daminar ba. Mutumin da aka haifa da ƙarar ruwa a kunne. Ni ma na ɗauka tsufa ne, kuma tsufa ba ya da magani.

Al'adarmu ce, in rani ya yi ruwa ya janye, a nutsar da jirage a gurbi mai zurfi, a danne su da duwatsu, don kada rana ta tsattsaga itacen. Haka ake yi wa kwalekwale tun kakanni, haka kuma surukina ke yi wa nasa, da wutsiyarsa da komai. In an yi ruwan fari sai maza su taru a tsamo su. A wannan shekarar ni na faɗa ta bayan jirgin. Muna ɗagawa ƙafata ta zame a laka, na kai hannu na cafki ƙota don kada in faɗi. Duk nauyina ya hau kanta. Da ƙota ce mai lafiya, da ta juya ta zubar da ni a ruwa. Ko motsi ba ta yi ba. Na tsaya riƙe da ita kamar na riƙe reshen itace.

Na duba, babu wanda ya lura. Na sake tura ta a ɓoye da hannu biyu. Ta ɗan gusa kamar faɗin yatsa, da wani kuka mara daɗi, ta tsaya.

Da azahar na tarar da mai ɗakina tana surfe. Na gaya mata. Ta tsayar da taɓarya, ta sa na maimaita. Ta fara dariya, dariyar ta koma wani abu, ta share ido da gefen zane. Sa'an nan ta dube ni.

"To, wa za shi gaya mai? Kai? Kai da ko tari ba ka yi gabanai?"

Na ce ita ta gaya masa.

"In ce mai mi? In ce Baba, hwatar da kaka nuna ma baƙi ita ta kashe ka? Sai shi ce na ji tausai nai na ƙaga magana."

Gaskiyarta. In ita ta faɗa, zai ce lallashi ne. In wanta ya ji, zai ce muna neman hanyar jefa tsoho a ruwa. Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce wa surukina aikin hannunsa ne ya ɓaci. Ko da na iya buɗe bakin, na san abin da zai biyo baya: zai ce to, ya juya baya, ya tafi Wurno da ƙafarsa don kada a ce suruki ya koya masa jirgi.

Ita ce ta tuna mini da gayya. Kowace shekara nakan tara abokaina mu yi wa surukina noman gero, kamar yadda kowane suruki ke yi. Ta ce bana in roƙa a bar ni in yi tawa hidimar a jikin jirgi, in wanke, in toshe tsagu, ƙannena su yi gona. Ban kai roƙon da kaina ba. Na bi ta wurin maƙerin garinmu, tsaran surukina ne, tare aka yi musu kaciya, kuma shi kaɗai ne a duniya ke kiransa "tsohon kada", ya kuma kwana lafiya. Ban gaya wa maƙerin komai game da wutsiya ba, don bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya je ya dawo da amsa.

"Ya ce ka wanke shi duka, amma wutsiya kak ka taɓa ta."

Muka ɗora jirgin a kan gungume ƙarƙashin itacen giyayya da ke bakin mashigi. Da safe in na dawo daga tawa gonar sai in zo. Na kankare gansakuka, na kwashe laka, na cusa auduga da tsumma a tsagun katako da bakin wuƙa. Surukina yakan shimfiɗa tabarma nesa kaɗan, ya zauna yana murza kafaɗa yana kallo. Ba ma magana in ban da gaisuwa. In yana son in gyara wani wuri sai ya gaya wa jirgin. Ya ce, kai ma tsoho, haƙarƙarinka na hagu yana shan ruwa. Ni kuma in koma haƙarƙarin hagu. Na gama gaba, na gama ciki, na gama gefe da gefe. Na yi ta zagaya wutsiyar nan kamar mai zagaya kare yana barci, har ya zama babu sauran abin wankewa sai bayanta.

Ranar maƙeri yana nan, ya zo shan iska da tsokana. Na tsuguna na ce wa jirgin, ina kallon ƙasa, akwai laka a bayan wutsiya, ba ta fita sai an kautar da ita gefe. Surukina ya daina murza kafaɗa. Can ya ce in kautar, amma a hankali.

Na tashi na kama ƙota da hannu ɗaya, yadda yake kamawa. Na tura. Na ƙara hannu na biyu. Na kafa ƙafa a gungume na sa kafaɗa, har jijiyar wuyana ta tashi. Ban ƙara komai a kai ba, iyakar ƙarfina ke nan, kuma ya sani, don ya sha ganina ina ɗaukar buhun shinkafa daga jirginsa zuwa tudu ba tare da na huta ba. Wutsiya ta yi kukan nan nata, ta gusa kaɗan. Na saki, na koma na tsuguna ina haki.

Na ce, "Baba, ashe nau hannun ma ya mutu."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba wadda ba gaisuwa ba.

Maƙeri ya ce mu kauce, 'yan zamani ba su sha nono ba. Ya naɗe hannun riga, ya kama, ya yi nishi, ya yi zagi, har hularsa ta faɗi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaga masaba. Ya saki ya dubi tafinsa, ya dubi abokinsa.

"Tsohon kada, wanga abu kaka turawa da hannu guda? Shekara nawa? To wallahi kai ka hi mu ƙarhi duka garin ga."

Surukina bai yi dariya ba. Ya tashi ya zo, ya tsaya a bayan jirgin. Ya daɗe yana kallon ɗaurin fatar. Ya shafa shi da yatsa, yadda ake shafa kan jariri. Ni ina tsugune, ina ganin ƙafafunsa kawai, da lakar da ta bushe a kansu. Ban san abin da zai yi ba. Na ji tsoron na kunyata shi a gaban abokinsa.

Ya miƙo hannu ta gefena, bai dube ni ba. Ya ce, "Yuƙa."

Na sa masa wuƙa a hannu. Shi da kansa ya yanke fatar.

Abin da muka tarar a ciki ba shi da kyan gani. Fata kan fata, ta bara da ta bara waccan da waɗanda suka riga su, wata ta ruɓe, wata ta ƙandare. Man shanun da yake ta ƙarawa ya kama yashin gulbi, ya haɗu da tsatsa, ya zama baƙin abu mai tauri kamar ƙanzon tukunya. Kwanciyar da jirgin ke yi a gurbi duk rani ta ba tsatsa lokacin da take so. Ƙusoshin sun kumbura a cikin zobbansu har ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Wari kuwa sai da maƙeri ya toshe hanci, ya ce yanzu ya gane dalilin da kifi ya yi ƙaranci a gurbin.

Maƙeri ya ce a kawo gawayi a gasa ƙarfen, ya ba shi masaba biyu, a gama kafin la'asar. Surukina ya ce duk wanda ya kawo wuta kusa da katakon jirginsa sai dai su shiga wutar tare. Suka yi ta yi, wannan ya ce tsohon kada, wancan ya ce ɗan gawayi. Da suka gaji, na ce wa wutsiyar, ba su ba, in an ba ni lokaci zan gwada ruwan tsamiya. Surukina ya ce wa jirgin, a ba shi.

Mai ɗakina ta jiƙa tsamiya mai kauri a tukunya, irin wadda take wanke kwanon tagulla da ita. Na tsoma tsumma na naɗe zobban, in ya bushe in sake. Da maraice in ɗiga kananzir kaɗan daga fitilarmu a bakin kowace ƙusa, in bar shi ya bi ya shiga. Da safe in ɗauki guntun itace in ƙwanƙwasa, ba bugu ba, ƙwanƙwasa kamar mai sallama a gidan da ake barci. In sa tsinke in sakace abin da ya yi laushi. In tura ƙota faɗin yatsa, in dawo da ita. Haka dai, safe da yamma.

Gulbi kuwa bai jira mu ba. An yi ruwa a gabas, ya fara zuwa ja, ɗauke da kara da kumfa. Saiwoyin giyayyar da nake zama a kansu suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Muka ja jirgin sama, muka sake ja. Wani mai jaki ya zo daga Wurno da saƙo cewa wan matata yana tafe ran kasuwa mai zuwa, da jakin ɗaukar kaya.

Ƙusar ƙasa ce ta fara saki. Wata safiya na ƙwanƙwasa sai wani jan ruwa ya tsiyayo daga zoben, na ji ta motsa. Ta sama ta ƙi. Ita ce ta fi shan mai da fata, don nan hannunsa ya fi kaiwa. Akwai ranar da na ɗauki dutse, na auna, na ji a raina bugu ɗaya zai ishe ta. Amma katakon da zoben ke kafe a jiki ya tsufa, in ya tsage babu mai irinsa a ƙasar nan. Na ajiye dutsen na koma ga tsinkena.

A kwanakin nan ne surukina ya matso da tabarmarsa. Ya fara ba jirgin labari, ni ina ji. Ya gaya masa shekarar da ruwa ya kai har gindin tudun makabarta. Ya gaya masa yadda Baturen nan ya faɗa ruwa da hularsa, hular ta riga shi isa Wurno. Ya gaya masa ranar da ya ɗauko amaryarsa daga tsallake a kwalekwale, uwar matata ke nan, Allah ya jiƙanta, tana kuka tana riƙe da gefen jirgi, da suka kai tsakiya ta daina kukan ta tambaye shi sunan wani farin tsuntsu. Ban taɓa jin wannan ba. Mai ɗakina ma da na gaya mata ta ce ba ta taɓa ji ba.

Ƙusar sama ta saki ba tare da wani abin mamaki ba. Ina turawa ina dawowa kamar kullum, sai na ji ƙota ta wuce inda take tsayawa, ta ci gaba. Muka ɗaga wutsiyar ni da maƙeri muka kwantar a tabarma. Na goge ƙusoshi da zobba da yashi mai laushi da toka da lemun tsami har farin ƙarfe ya fito. Da muka mayar, tana juyawa da yatsa ɗaya.

Amma tsohuwar cutar ta dawo. Ƙarfen ya ƙara sirancewa, wutsiya tana kaɗawa, ƙwal ƙwal, fiye da da. Da irin wannan sakin, in igiyar ruwa ta buge ta tana iya fizge zoben. Na ga idon surukina ya tafi kan fatar layya da ke shanye a dangarsa. Tsohon ya kau da kai daga fatar ya koma tabarmarsa.

Washegari wanzami ya zo kafa masa ƙaho kamar yadda ya saba, don shi ba a gaya masa an sami inda ciwon yake ba. Surukina ya tuɓe kafaɗa ya zauna. Da wanzami ya ciro ƙahon zai wanke, sai surukina ya ce ya ba shi ya gani. Ya juya shi a hannu, ya leƙa raminsa. Ya tambayi wanzami shekara nawa yana wanke ƙahon nan da ruwa. Wanzami ya ce na ubansa ne. Ya tambaye shi ya taɓa kumbura, ko ya yi tsatsa. Wanzami ya ce mi ya haɗa ƙaho da tsatsa, ya kuma karɓe abinsa da sauri, don ya ga irin kallon da ake yi masa.

A wurin mahauci muka samo ƙahon bijimi. Surukina ya gwada kaurin ƙusa da zare, ya nuna wa maƙeri inda zai yanka. Aka fitar da zobe biyu na ƙaho, aka dafa su suka yi laushi, aka cusa kowane cikin zoben ƙarfe, ƙusa ta shiga tsakiya. Da suka huce suka kama. Babu ƙara, babu tauri. Maƙeri ya kawo man shanu a ɗan ƙoƙo don tsokana, surukina ya ce ya kai wa matarsa ta sa a tuwo.

Ran kasuwa gulbi ya cika har ya shafe fadama. Wan matata ya iso da hantsi, da jakinsa da igiyoyi, da sabon bargo da ya saƙa wa mahaifinsa da hannunsa. Ya ga jirgi a ruwa, zane a ɗaure, bai ji daɗi ba, amma magana an yi ta a gaban liman. Ya ce shi ma zai shiga. Maƙeri ya ce shi a tudu Allah ya halicce shi. Surukina ya ce wa jirgin yana son mai kula da igiyar zane. Na tuɓe takalmi na shiga na zauna can gaba, na ba shi baya. Mai ɗakina ta miƙo ƙwaryar fura a rufe da faifai, ta ajiye kusa da ƙafar mahaifinta, ta koma ta tsaya ƙarƙashin giyayya.

Iskar gabas ta cika zane. Muka fita daga inuwar itace, muka shiga jan ruwa. Ban waiwaya ba, amma a jikin jirgin na ji. Da can yakan yi gardama kafin ya juya, kamar jakin da ba ya son hanya. Yanzu sai ya bi kamar ya san inda za shi. Muka kauce wa wani kututture da ruwa ya ɗauko, muka bi ta saman gonakin shinkafa da suka nutse. Na saci kallon wan matata. Idonsa yana kan hannun mahaifinsa, bakinsa yana motsi. Goshin jirgi ya taɓa mashigin tsallake daidai gindin turken da ake ɗaurewa. Masu jiran fito suka yi ta yi wa tsohon barka.

A dawowa iska ta juya, sai da muka yi ta karkata, mu nufi sama mu dawo. Aikin ƙota ya yi yawa. Muna tsakiyar ruwa na ji ya yi magana, kuma ba da jirgi yake ba.

"Ɗana, taho nan ka zamna."

Na ɗauka da wan matata yake. Wan matata ya taɓa ni da gwiwa, ya karɓi igiyar daga hannuna. Na rarrafa baya na zauna a gefensa, kusa har ina jin ƙanshin man kaɗen da ke kafaɗarsa. A nan na ga hannun. Yana riƙe da ƙota sosai, amma yana rawa kaɗan daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Wutsiya ta warke. Shekarun da ya yi yana kokawa da ita, da shekarunsa na haihuwa, ba su tafi ko'ina ba.

"Aza hannunka nan, bayan nau. Ba turawa za ka yi ba. Ji za ka yi."

Na aza. Itacen ya yi santsi, ya lotsa daidai wurin tafinsa. Ta cikin ƙotar na ji gulbi yana ja, yana saki, yana ja. Ya riƙa gaya mini, a hankali, inda tsohon gaɓa yake a ƙarƙashinmu, da inda ruwa biyu ke haɗuwa, da abin da zan duba a fuskar ruwa in gane. Shi ya tuƙa har muka iso. Inda hannunsa ya yi rawa nawa yana nan, ban tura ba sai sau ɗaya, shi ma kaɗan, kuma babu wanda ya ambata.

Jirgi ya shiga inuwar giyayya ya tsaya inda ya tashi. Maƙeri yana ta ihu daga tudu cewa tsohon kada ya ƙi mutuwa. Wan matata ya sauka ya ɗaure igiya, ya tsaya jim, sa'an nan ya je ya kwance bargon daga kan jaki ya kawo wa ƙanwarsa. Ya ce ta shimfiɗa wa Baba a ɗakinsa na nan, bakin ruwa akwai sanyi.

Ni ina shirin tashi, surukina ya buɗe faifai, ya ɗaga ƙwarya ya sha. Ya goge baki. Ya miƙo mini.

Na ce na ƙoshi, Baba.

Ya ce, "Sha."

Na karɓa da hannu biyu. Na juya fuskata wajen gulbi na sha. Da na sauke ƙwaryar na hango mai ɗakina a tudu, rungume da bargo, ta sa hannu ta rufe baki.

Jakin ya koma Wurno da busasshen kifi. Da rani ya zo muka nutsar da jirgin a gurbi kamar kullum, amma kafin nan surukina ya sa na zare wutsiyar. Na ɗauke ta a ka har gida, ya nuna mini inda zan jingine ta, a ɗakinsa, bayan gado.